Rabin Gonar Baba

A gidanmu da ke Ruwan Bago ba a yanke magana mai nauyi sai bayan sallar isha'i, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yara sun yi barci. A irin wannan zaman ne, cikin kakar 2023, Yaya ya zaro wani ɗan kwalin magani daga aljihun rigarsa ya ajiye a tsakiyarmu. Babu wanda ya miƙa hannu ya taɓa. Muka zuba masa ido kamar an ajiye kunama.

Maganin na Khalifa ne, ɗan Yaya, wanda ya ci sunan Baba. Shekararsa bakwai a lokacin, kuma yana da sikila, wato amosanin jini. Tun yana goye muka san da ita, ranar da hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura yana tsala ihu dare da rana. Daga nan kowane hunturu da fargabarsa muke shiga. Sau uku ana yi masa ƙarin jini. Mun san launin idonsa in ciwon zai tashi, mun san irin shirun da yake yi kafin kuka. Mun kuma ga 'yar maƙwabtanmu, mai irin lalurarsa, wadda ta kwanta lafiya ta tashi hannu da ƙafa na ɓari guda ba sa motsi, bakinta ya karkace. Har yau jan ƙafar take yi.

A wannan makon Yaya da matarsa sun kai shi wani babban asibiti a birnin Kano. Aka shafa masa wani abu mai sanyi a gefen kai, aka ɗora wata 'yar na'ura mai sauraron gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Likitar ta ce gudun jinin ya wuce 200, kuma yaron da nasa ya kai haka yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ta ce akwai hanya biyu: ko a riƙa yi masa ƙarin jini kowane wata, ko ya fara shan wannan ƙwayar, haidiroksiyuriya, kullum. Ta ce kada a ja lokaci.

Kawu ne ya fara magana. Ya ce ya tambayi wani mai kemis a Rogo, an gaya masa maganin ciwon daji ne. "Yaron da ba shi da daji, me zai yi da maganin daji?"

Inna ta gyara zama ta ce, "Ni dai ban manta da Asibitin Zana ba. Ba za a yi gwaji a kan maigidana ba." Haka take kiran jikan nata.

Matar Yaya ba ta ce komai ba, kanta a sunkuye. Baba ya daɗe yana jan carbi, sannan ya dube mu, mu ƙannen Yaya da muka yi boko, ya ce, "Ku da kuke kwana kuna latsa waya. Ba na tambayar ko maganin na da kyau. Ta yaya suka sani? Wa ya gaya musu? Na ba ku kwana uku."

Mun ɗauka abu ne mai sauƙi. Ashe tambayar Baba ita ce tambayar da likitanci ya shafe ƙarnuka yana ƙoƙarin amsawa.

Da muka zauna, sai muka fara da kanmu. Mu ta yaya muke sanin magani na aiki? Amsar ɗaya ce: wance ta sha ta warke. Da wannan hujjar ake sayar da maganin basir a kasuwa da lasifika, da ita ake tura saƙon murya a WhatsApp. Kuma ba ƙarya ba ce, wance ɗin ta sha, ta kuma warke. Abin da ba mu tambaya shi ne, da ba ta sha ba fa? Ciwon sikila yakan tashi ya lafa bayan kwanaki, ko an ba da magani ko ba a ba da ba. Duk abin da aka ɗura wa yaro a ranar da ciwon ya kai ƙarshe, shi ke kwashe yabon. Sannan waɗanda suka sha ba su warke ba, ba sa zuwa kasuwa su ba da shaida. Wasunsu ma suna maƙabarta.

Wannan ba ya nufin labarin mutum ɗaya ba shi da daraja. Ita kanta sikila ta haka ta shiga littattafan likitoci. A 1910 wani likita a Chicago ta Amurka, James Herrick, ya rubuta labarin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Girenada da aka ga ƙwayoyin jininsa sun lanƙwashe kamar lauje. Mutum ɗaya ne, amma ya buɗe ƙofa. Labarin mutum ɗaya yana iya cewa ku zo ku duba nan. Abin da ba ya iyawa shi ne ya ce ku ba kowa wannan maganin.

Mataki na gaba shi ne ƙidaya: a shiga gari a auna kowa a lokaci guda, a ga nawa ke da abu kaza. An taɓa yin irin wannan a ƙasarmu. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, yanzu kuwa tana Jigawa. Cikin aikin aka auna nau'in jinin mutane. Aka tarar kimanin jarirai biyu cikin ɗari an haife su da sikila, amma a cikin manya da wuya a samu ko ɗaya. Mun daɗe muna kallon wannan lissafin. Ba warkewa suka yi ba. Ba su kai girma ba ne. Nan muka fahimci abin da tsofaffi ke kira wabi a wasu gidajen, mace ta haifa ta binne, ta haifa ta binne, a ɗora wa iska ko maita. Yau ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da sikila a Nijeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Akwai kuma binciken waiwaye. A nan ana farawa ne daga ƙarshe: a tara waɗanda cuta ta kama, a tara makamantansu da ba ta kama ba, a waiwaya a ga me ya bambanta su. Da aka yi haka a Gambiya da Kenya, aka kwatanta yaran da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa mugun kamu da sauran yara, sai aka ga masu jinin AS sun yi ƙaranci ƙwarai a cikin waɗanda aka kwantar. Jinin AS na rage haɗarin mugun zazzaɓi da kusan kashi 90 cikin ɗari. Shi ya sa ya yawaita a ƙasar sauro irin tamu, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da shi. Yaya da matarsa duk AS ne, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Abin da ya tsare kakanninmu daga zazzaɓi, shi ne ya haɗu a jikin Khalifa ya zama ciwo. Raunin binciken waiwaye shi ne yakan dogara da tunawar mutane da tsofaffin takardu, kuma abu biyu na iya tafiya tare ba tare da ɗaya ne ya jawo ɗaya ba.

Lambar 200 da ta tayar mana da hankali kuwa daga bin sahu ta fito. A farkon shekarun 1990 likitoci a Amurka suka auna gudun jinin ƙwaƙwalwar yara masu sikila tun suna lafiya, suka rubuta, sannan suka bi su shekara da shekaru suna jiran abin da zai faru. Sai aka ga shanyewar jiki ta fi afka wa waɗanda jininsu ke gudu da ƙarfi. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa ban ruwa da tiyo a gonar rani: in ka matse bakin tiyo, ruwa sai ya fito da gudu. Jijiyar da ta fara tsukewa haka take. Bin sahu na nuna wa ke cikin haɗari. Amma bai isa ya tabbatar da cewa magani kaza zai kuɓutar da shi ba.

A dare na biyu muka kawo wa Baba waɗannan. Ya saurara, ya ce, "Duk wannan labarin cutar ne. Ina labarin maganin?" Muka yi ta kame-kame da kalmomin da mu kanmu ba mu gama narkar da su ba. Can sai ƙaramarmu ta ce, "Baba, ka tuna shekarar masarar Samaru?"

Kowa a gidan ya tuna. Malamin gona ne ya kawo sabon irin masara daga cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, yana ta yabonsa. Baba bai ƙi ba, bai kuma amince ba. Ya raba gonarsa biyu, rabi tsohon iri, rabi sabo. Da kaka sabon iri ya fi yawan buhuna nesa ba kusa ba. Baba na murna, Kawu ya tuntsire da dariya ya ce, "Yaya, ai ɓangaren da Fulani suka yi maka zaman shanu ka shuka sabon. Ko tsakuwa ka shuka a nan sai ta yi goyo." Baba ya yi shiru don ya san gaskiya ne, kuma ya san ba da gangan ya yi ba. Zuciyarsa ce ta so sabon iri ya ci, hannunsa ya bi zuciyar. Da damina ta zagayo sai ya yanka gonar gida-gida, ya karya tsinke dogo da gajere, ya sa yaro ya riƙa zara. Inda dogo ya fito a shuka sabo, inda gajere ya fito a shuka tsoho. Taki ɗaya, noma ɗaya, rana ɗaya.

Muka ce, "Baba, abin da ka yi da tsinke, shi ne mafi ƙarfin hujjar da likitoci ke da ita." Kuma ba zolaya muke ba. A gona aka haifi wannan dabarar. Wani masanin lissafi, Ronald Fisher, shi ya tsara ta a shekarun 1920 a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, don gwada taki da iri. Daga baya likitoci suka ara.

Ita kwatantawar ta daɗe. Abubakar ar-Razi, babban likitan Bagadaza da ya rasu wajen shekara ta 925, ya ba da labari a littafinsa al-Hawi cewa ya samu masu alamun ciwon da ke kama da sankarau, ya fitar wa wasu jini, ya bar wasu da gangan don ya ga bambanci. Shekara dubu da suka wuce ke nan. Sai dai abin da ya gani ya nuna masa fitar da jinin na da amfani, abin da likitancin yau bai yarda da shi ba. Raba gona biyu kaɗai bai isa ba, sai an kula da wa ya raba, kuma ta yaya. A 1948 aka buga sakamakon wani gwaji a Birtaniya kan maganin tarin fuka, inda aka raba majinyata 107 ta hanyar ƙuri'a da aka rufe cikin ambulan, yadda likita ba zai iya tura wanda ya fi ƙarfi ɓangaren da yake so ba. Cikin wata shida, mutum 4 cikin 55 da aka yi wa allurar suka rasu, a ɗaya ɓangaren kuwa 14 cikin 52. Tun daga nan wannan hanya ta zama ma'auni.

To, haidiroksiyuriya ta bi ta wannan ma'aunin. Mai kemis bai yi ƙarya ba, an fara amfani da ita ne a kan wasu cututtukan daji na jini. Amma an lura tana sa jiki ya koma ƙera irin jinin da jariri ke da shi a cikin ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. A 1995 aka fitar da sakamakon gwaji kan manya 299 masu sikila a Amurka da Kanada. Aka raba su da ƙuri'a, rabi na shan maganin, rabi na shan ƙwayar wofi mai kama da shi sak, kuma aka ɓoye wa majinyaci da likitansa wa ke shan me. Ana yin haka ne don sa rai kaɗai na iya sa mutum ya ji sauƙi, likita ma ɗan Adam ne, yana iya ganin abin da yake son gani. Tashin ciwo ya ragu da kusan rabi a wajen masu shan na gaskiyar. A 1998 kuma wani gwajin, a kan yara 130 masu gudun jini irin na Khalifa, ya nuna ƙarin jini a kai a kai na tare shanyewar jiki: yaro 1 ta kama a cikin masu karɓar jini, 11 a cikin waɗanda ba a yi wa ba. Bambancin ya yi yawan da aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa.

Kawu ya ce, "Can Amurka ke nan. Cimarsu daban, sauronsu daban." Wannan magana ce mai kyau, kuma likitocinmu ma sun yi ta. Shi ya sa aka yi gwajin a nan gida. Daga 2016, likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da wasu asibitocin Kano, da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12, duk masu gudun jini 200 ko fiye. Sunan gwajin SPRING. Babu yaron da aka bari ba magani, don an riga an san haɗarin. Ƙuri'ar ta raba su ne tsakanin ƙaramin awo, miligiram 10 a kowane kilo na nauyin yaro, da matsakaici, miligiram 20. Bayan bin su na sama da shekara biyu, yara 3 suka samu shanyewar jiki a rukunin farko, 5 a na biyu. An buga sakamakon a 2022 a ɗaya daga mujallun Lancet, da sunan likitan Kano, Shehu Umar Abdullahi, a kan gaba.

Baba ya ce, "Ke nan ƙaramin ya fi." Muka ce a'a. Tsakanin 3 da 5 a cikin yara ɗari-ɗari, sa'a kaɗai na iya kawo wannan, kamar yadda kunya ɗaya kan fi 'yar uwarta zangarniya biyu ba don komai ba. Masu binciken da kansu sun ce ba su ga bambanci ba ta fuskar shanyewar jiki, sai dai masu shan matsakaicin awo sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Babban labarin shi ne, a duka rukunan biyu abin bai wuce yaro ɗaya ko biyu cikin ɗari a shekara ba, alhali a gwajin 1998 yaran da ba a yi wa komai ba kusan ɗaya cikin goma ne a shekara. Muka kuma gaya wa Baba gaskiya cewa wannan kwatancin na ƙarshe kamar auna gonarka ta bana da ta wani ta shekarun baya ne, bai kai ƙarfin tsinke ba. Amma ratar ta yi faɗin da ba za a kawar da kai daga gare ta ba.

Kawu bai saki ba. Ya ce, "Ƙuri'a a kan ran yara, wannan ai caca ce." Baba ne ya amsa masa, ba mu ba. Ya ce ƙuri'a ba baƙuwa ba ce a addini, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ta tsakanin matansa in zai yi tafiya, don kada son zuciya ya shiga rabo. Mu kuma muka ƙara da sharaɗin da likitanci ya gindaya: ba a jefa ƙuri'a sai in da gaske ba a san wanne ya fi ba. Kuma akwai kwamiti na daban da ke leƙa sakamako ana cikin tafiya, da ikon tsayar da komai da zarar gaskiya ta bayyana.

Saura Inna. Ita ba lissafi ne damuwarta ba.

A 1996 annobar sankarau ta ratsa Arewa, ta kashe mutum sama da 11,000. Inna na tuna zafin bazarar, da yadda ake hana yara kwana cunkushe a ɗaki. Cikin wannan annoba kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana a Kano ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara kimanin 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka yi musu allurar wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da nakasa. A ƙarshen 2000 jaridar Washington Post ta tono labarin. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Aka yi zargin an rage awon maganin da ake kwatantawa da shi, an kuma rubuta takardar izinin kwamitin ɗa'a ne daga baya aka mayar da kwanan wata. Kamfanin ya musanta aikata laifi, ya ce an nemi yardar iyaye da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Mun yi shirin mu ce wa Inna wannan tsohon zance ne. Da muka karanta sai muka ji kunya. Tsoron Inna ba jahilci ba ne, shi ma hujja ce, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da muka gane shi ne, a can ma an raba yara gida biyu, siffar bincike ta cika. Abin da ake ƙara a kansa shi ne amana. Bincike na tafiya ne da ƙafa biyu, ingancin tsari da yardar wanda ake yi a kansa, yarda ta sani, da harshen da yake ji, da 'yancin ya ce a'a ba tare da an hana shi magani ba. In ƙafa ɗaya ta karye, ba iyalan da abin ya shafa kaɗai ke biya ba. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna sai a 2004 aka dawo da shi, kuma labarin 1996 na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Cutar ta bazu, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka gurgunce. Sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali. A 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, wanda ya wajabta izinin kwamitin ɗa'a da yardar mutum kafin a sa shi a kowane bincike.

Muka ce, "Inna, ba gwaji za a yi a kan maigidanki ba. An riga an yi. Wasu iyaye a Kano da Kaduna, su 220, aka yi musu bayani suka yarda, suka yi ta jigilar 'ya'yansu asibiti. Abin da suka noma ne aka kawo mana." Ta daɗe ba ta tanka ba. Sannan ta ce, "Allah ya raya musu." Can kuma ta ce, "To karan dafin da nake dafa masa fa? Shi ba magani ba ne?"

Nan ma akwai amsa, kuma ba ta raini ba ce. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta taɓa haɗa wani maganin sikila mai suna Niprisan daga tsirrai huɗu, ciki har da kanumfari da masoro da ganyen dawa, aka gwada shi a kan mutum 82 ana kwatantawa da ƙwayar wofi. Akwai kuma masana da aikinsu shi ne tankaɗe da rairaya: su tattaro duk gwaje-gwajen da aka yi kan tambaya ɗaya a duniya, su auna ingancin kowanne, su zubar da dusa, su haɗa tsabar. Kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi su ce wannan ingantacce ne, wannan mai rauni. Ƙungiyar Cochrane ta yi wa magungunan tsirrai na sikila irin wannan tankaɗen, ta ce akwai alamar Niprisan na rage tashin ciwo, amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba, ana bukatar gwaji mafi girma. Ma'aunin bai san na Bature ko na gargajiya ba. Duk wanda ya hau, a auna shi. Muka yi da Inna cewa duk abin da za ta ba yaron, za a fara gaya wa likita.

A dare na uku muka zaci mun gama. Sai Baba ya ce, "Duk kun gaya mini abin da ya faru da yara ɗari biyu. Shi wannan ɗayan fa?" Ba mu da amsa, kuma babu binciken da ke da ita. Bincike na magana ne a kan taro. Yana cewa cikin ɗari kaza za su tsira, ba ya kiran suna. Yaya ya tuna abin da likitar ta ce masa da ya yi mata irin wannan tambayar, cewa shawarar magani kamar tukunya ce a kan murhu, duwatsu uku ke riƙe ta: abin da bincike ya nuna, abin da likita ya gani a jikin wannan majinyacin, da halin da iyalinsa ke ciki. Ƙarin jini duk wata shi ne mai tsohuwar hujja. Amma daga Ruwan Bago zuwa Rogo, zuwa Karaye, zuwa birni, sau goma sha biyu a shekara, da kuɗin mota, da neman mai ba da jini, da ƙarfen da ke taruwa a jiki sai an sha wani maganin don fitar da shi, wannan ba abu ne da gidan manomi zai ɗore a kai ba. Maganin da ba za a iya ci gaba da shi ba, ko ya fi kowanne a takarda, bai fi ba a gidanmu. Ita ma ƙwayar da sharaɗinta: a sha kullum, a riƙa komawa ana auna jini, don tana iya rage ƙwayoyin da ke yaƙar cuta.

Sai Baba ya yi abin da ba mu taɓa ganin ya yi ba. Ya juya wajen surukarsa, wadda kwana uku ba ta ce uffan ba, ya ce, "Ke fa, uwar yaro?"

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Baba, ni nake kwana da shi. Kullum da asuba sai na ɗaga hannunsa na sake shi, in ga ko zai riƙe. In akwai abin da zai rage mini wannan, a ba shi."

Babu wanda ya ƙara magana. Washegari bayan ya karya, Inna da kanta ta yi bisimilla ta ba shi ƙwayar farko.

Mun sayi littafin rubutu mai bango ja, muna rubuta ranar da ya sha, ranar da ciwo ya tashi, ranar awon jini da abin da ya nuna. Hunturu biyu sun wuce. Ciwon ya tashi, amma bai kai na da ba, kuma da aka sake ɗora masa na'urar gudun jinin ya sauko. Yana zuwa makaranta, yana kuma rigima da Inna a kan kuɗin alawa. Mun gode wa Allah.

Kwanaki wata mata daga wani ƙauye kusa da mu ta zo da ɗanta, ta ce ta ji labari, a faɗa mata sunan maganin ta aika a sayo. Bakinmu ya buɗe zai ce ai namu ya sha ya samu sauƙi, sai muka kama kanmu. Da mun faɗa, da mun koma inda muka fara. Muka ce ta kai shi a auna shi tukuna, don awon maganin da nauyin yaro yake tafiya, kuma ba a shan sa ba tare da ana duba jini ba. Muka ce in ta shiga wajen likita kada ta ji nauyin tambaya: a kan su wa aka gwada, da me aka kwatanta, me zai faru in ba a sha ba, wace illa za ta sa ido a kai. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan. Ƙaramarmu ta rubuta mata su a takarda, Yaya kuma ya ce ranar da zai mai da Khalifa awo, su tafi tare.

Baba na zaune a zaure yana gyaran fartanya, yana jin mu. Da matar ta fita ya ce a ɗauko masa buhun irin waken suya da malamin gona ya kawo bana. Ya ɗebo, ya murza a tafin hannu, ya shinshina. Sannan ya ƙwala wa Khalifa kira ya ce ya samo masa tsinke biyu.